Antimoni tirikuloraid

Antimoni tirikuloraid sinadari ne da ke samuwa idan ƙwayar zarra ɗaya ta ƙarfen antimoni ta haɗu da uku na kulorin, shi ya sa masana ke rubuta shi SbCl₃. Daskararre ne marar launi, mai taushi, warinsa yana hawa kai. Masu haɗa magunguna na Turai a zamanin da man antimoni suke ce masa, domin idan aka tace shi da wuta ya huce yakan daskare da laushi irin na man shanu. Ba haƙo shi ake yi daga ƙasa ba, haɗa shi ake yi. Babbar ɗabi'arsa ita ce ba ya zama lafiya da ruwa: da zarar ya samu danshi, ko na iska ne ko na gumin hannu, sai ya fara rabuwa yana fitar da asid mai ƙuna. Kusan duk amfaninsa da duk cutarwarsa daga nan suka taso.

Siffofinsa

Nauyin mol ɗaya nasa (mol ma'aunin yawan ƙwayoyi ne a wurin masana sinadarai) giram 228.1 ne, kuma ya fi ruwa nauyi sau uku da 'yan kai, wato giram 3.14 a kowace santimita kubik. Yana narkewa a zafin digiri 73 na Selshiyas, ya tafasa a wajen digiri 223. Ke nan zafin bazarar Birnin Kebbi ko Gusau, duk da yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, bai isa ya narkar da shi ba. Laimar damina ce ke yi masa illa. Kwalbar da aka bari a buɗe a watan Agusta za ta yi ta zuƙar ruwa daga iska, tana ɗan hayaƙi, har abin da ke ciki ya jiƙe ya zama ruwa mai kauri.

Idan aka zuba masa ruwa kaɗan yakan narke tas. Idan aka ƙara ruwa sai haɗin ya yi fari fat, wani gari ya kwanta a ƙasa. Garin nan shi ne antimoni oksikuloraid, SbOCl, ruwan da ke samansa kuma asid ɗin haidirokulorik ne. Da ƙarin ruwa garin yakan koma Sb₄O₅Cl₂. Saboda haka mai son ajiye shi a narke sai ya narkar da shi a cikin asid ɗin haidirokulorik mai ƙarfi, ko a kulorofom, benzin, asiton ko alkohol wanda babu ruwa a cikinsa. A matsayin tururi, ƙwayarsa tana da siffar dala mai ƙafa uku, antimoni a sama, kusurwar da ke tsakanin ƙafafun kuwa kimanin digiri 97. Yana karɓar ƙarin kuloraid ya ba da haɗe-haɗe irin su SbCl₄⁻. Idan aka ƙara masa iskar kulorin sai ya zama antimoni fentakuloraid, SbCl₅, ruwa mai hayaƙi wanda ya fi shi zafin aiki.

Yadda ake haɗa shi

Hanyoyin yau uku ne: a bi da busasshiyar iskar kulorin ta kan ƙarfen antimoni, ko a narkar da antimoni tiri'oksaid a asid ɗin haidirokulorik, ko a narkar da dutsen antimoni, wanda haɗin antimoni ne da farar wuta, Sb₂S₃, a wannan asid ɗin. Hanya ta uku tana fitar da haidirojin salfaid, iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda ke kisa a rufaffen ɗaki. Ƙasar Sin ce kan gaba wajen haƙo antimoni, sai Rasha da Tajikistan.

Tarihi

Mutane sun san dutsen antimoni dubban shekaru kafin su san ƙarfen da ke cikinsa. Baƙin dutse ne mai sheƙi, wanda Rumawa suka kira stibium, kuma daga nan alamar Sb ta fito. Man antimoni kuwa aikin masu ilmin alkimiya ne na Turai, kuma ba a iya tsayar da ranar da aka fara haɗa shi ba, amma zuwa ƙarni na 16 ya riga ya zama sananne. Yadda suke yi shi ne su niƙa dutsen antimoni tare da gishirin zaiba mai ƙuna, HgCl₂, su zuba a tulun gilashi mai lanƙwasasshen wuya, su hura masa wuta a hankali. Wani mai yakan taso ya daskare a wuyan tulun, har sai an kara masa garwashi ya narke ya gangara. Idan aka ƙara wuta daga baya sai jan gari ya biyo baya, wanda haɗin zaiba ne da farar wuta.

Da yake da gishirin zaiba ake haɗa shi, an daɗe ana zaton akwai zaiba a cikin man. Farin garin da ke fita idan an zuba man a ruwa ma "zaibar rai" suka yi ta ce masa, sunan da ake dangantawa da Farasalsus, likitan nan da ya rasu a 1541. Wani likitan birnin Berona a Italiya, Vittorio Algarotti, wanda ya rasu a 1604, ya yi ta sayar da garin a matsayin maganin kusan kowace cuta, har yau kuma da sunansa ake kiran garin. Aikin da yake yi a jiki bai wuce sa amai da gudawa da gumi ba, amma likitancin wancan zamani ya ɗauki waɗannan a matsayin fitar cuta. A shekarar 1604 ɗin ne kuma aka buga wani littafi na Jamusanci da ke kambama antimoni, da sunan wani limamin Kirista Basil Valentine. Masana tarihi da yawa na ganin mai buga littafin, Johann Thölde, shi ne marubucinsa.

Wanda ya warware batun zaibar shi ne masanin sinadarai Johann Rudolf Glauber, a wajen 1648. Ya bayyana cewa a cikin tulun musanya ake yi: zaiba ta saki abokin haɗinta ta kama farar wuta, antimoni kuma ya kama abin da zaiba ta saka. Don haka babu zaiba a man antimoni. Wannan bayani yana daga cikin na farko-farko da aka yi a kan yadda gishiri biyu ke musanya abokan haɗi, tun kafin a san kulorin da kansa, wanda sai a 1774 Scheele ya fitar da shi, a 1810 kuma Davy ya tabbatar cewa sinadari ne mai zaman kansa. A tarihin wannan abu babu abin da ya kai wannan daraja.

Rigimar likitoci a kan antimoni ta fi zafi a Faransa. A 1566 majalisar shari'a ta Faris, bisa matsin makarantar likitoci, ta hana amfani da shi a magani tana cewa guba ne. A 1658 Sarki Luwi na 14 ya kwanta ciwo mai tsanani, aka ba shi ruwan inabi mai antimoni, ya tashi. A 1666 aka ɗage hanin. Masu hanin dai ba su yi kuskure ba game da gubar. Shi man kansa ba a cika shan sa ba, a waje ake shafa shi don a ƙone tsiro da ruɓaɓɓen nama da wurin cizon maciji ko mahaukacin kare. Wani ɗan'uwansa, gishirin antimoni da tatar, ya daɗe a asibiti: a 1918 likita Christopherson ya yi amfani da shi a Khartum wajen maganin tsargiya, cutar da mutanen bakin ruwa a Yawuri da Argungu suka sani sarai. Yanzu maganin firazikwantel ya maye gurbinsa.

Amfaninsa

Aikin da ya fi shahara da shi a ƙarni na 20 shi ne gano bitamin A. A 1926 Carr da Price a Ingila suka nuna cewa idan aka narkar da shi a kulorofom aka zuba wa man da ke da bitamin A, launin shuɗi yakan bayyana nan take. Ana auna ƙarfin shuɗin da na'urar auna haske a tsawon zangon haske na nanomita 620, kuma dole a yi sauri, domin cikin daƙiƙoƙi launin ke fara dushewa. Ɗigon ruwa ɗaya a kwalbar gwaji ya isa ya gurɓata haɗin ya ɓata sakamakon. Shekaru da dama da wannan hanya aka riƙa auna man hantar kifi da jini da abinci, kafin na'urorin kuromatogirafi, masu rarrabe sinadaran da ke gauraye, su karɓe yawancin aikin. A Nijeriya, inda doka ta wajabta ƙara bitamin A a sukari da man girki tun farkon shekarun 2000, gwajin yana nan a darussan kimiyyar abinci da na sinadaran jiki. Haka kuma ana fesa shi a farantin gwaji don bayyana wasu sinadaran tsirrai. Ɗalibin jami'ar Aliyaro ko ta tarayya da ke Gusau, in zai gamu da antimoni tirikuloraid, a irin wannan aiki zai gamu da shi.

A masana'antu ana amfani da shi wajen hanzarta haɗuwar wasu sinadarai, da kama rini a yadi, da haɗa sauran gishirin antimoni. Maƙeran bindiga na Turai sun riƙa shafa shi a bututun bindiga don ya yi ja-ja-ja mai duhu, masu gyaran tsofaffin kujerun katako kuma suna sa shi a man goge itace. An taɓa zuba shi a wata barasa ta Faransa ta algus, don ta yi fari idan an sirka da ruwa.

Akwai wani wurin da yake aiki ba tare da an zuba shi ba. Robar da ake naɗe wayar lantarki da ita tana da kulorin, kuma sau da yawa ana gauraya ta da antimoni tiri'oksaid. Idan wuta ta kama, biyun sukan haɗu su ba da tururin antimoni tirikuloraid, wanda ke shiga harshen wutar ya katse mata hanyar ci.

A kiwo, tsofaffin littattafan likitan dabbobi sun ambace shi wajen ƙone tushen ƙahon ɗan maraƙi da maganin ruɓewar kofato a tumaki da dawaki. Ruɓewar kofato tana damun garke da damina, musamman a fadamu, amma abin da ake ba da shawara yanzu shi ne yanke kofaton da tsoma shi a ruwan zink salfet ko kofa salfet, tare da allura in ta kama. Man antimoni ba ya bambance ruɓaɓɓen nama da lafiyayye.

Alaƙarsa da kwalli

Ana yawan cewa kwalli ko tozali antimoni ne, kuma ismidi da ya zo a hadisi galibi da dutsen antimoni ake fassara shi. Masana sun saɓa a kan wane dutse ne ainihin ismidin farko. Abin da awo ya nuna shi ne yawancin kwallin tsohuwar Masar da na kasuwannin yau dutsen dalma ne da farar wuta. A 2011 an samu wani jariri a birnin Boston na Amurka da dalma a jininsa, aka gano tozalin da aka kai daga Nijeriya ne, kuma kashi 82.6 cikin ɗari nasa dalma ce. Ga mutanen Zamfara, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma iyaye mata da ke ranbaɗa wa jarirai kwalli sun cancanci a gaya musu. Ko ma wane dutse ne, kwalli ba antimoni tirikuloraid ba ne. Wannan in ya shiga ido makanta yake jawowa.

Haɗarinsa

A dokokin sufuri na duniya yana rukuni na 8, na abubuwa masu cin jiki da ƙarfe, lambarsa kuma UN 1733. A fata yana ƙuna mai zurfi, kuma jiƙaƙƙiyar fata ta fi saurin ƙonewa. Shaƙar hayaƙinsa na kawo tari, ƙaiƙayin maƙogwaro da sarƙewar numfashi, wani lokaci ruwa ya taru a huhu bayan sa'o'i, lokacin da mutum ke ganin ya warke. Haɗiye shi na ƙone baki da maƙoshi da ciki, ga kuma gubar antimonin kanta: amai marar tsayawa, gudawa, ciwon ciki, rikicewar bugun zuciya, da taɓuwar hanta da ƙoda. Ma'aikatan da suka daɗe cikin ƙurar antimoni sukan fito da ƙuraje masu ƙaiƙayi a wuraren da gumi ke taruwa, abin da ke tsananta da zafi. Hukumomin lafiyar ma'aikata na Amurka sun ƙayyade miligiram 0.5 na antimoni a kowace mita kubik ta iska, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma maikurogiram 20 a litar ruwan sha. A 2022 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya antimoni mai hannu uku, wato mai iya kama ƙwayoyin zarra uku kamar na kulorin, wanda wannan sinadari ke cikinsa, a rukunin 2A, na abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar daji. Yana kuma kashe halittun ruwa.

Shi kansa ba ya kamawa da wuta, amma zafi yana sa shi fitar da hayaƙi mai guba. Idan ya haɗu da tutiya a cikin asid yakan ba da iskar sitibin, SbH₃, mai farfasa jajayen ƙwayoyin jini. A ajiye shi a kwalbar gilashi mai matsattsen murfi, a busasshen wuri, nesa da ruwa da soda da ƙarafa, a buɗe shi a akwatin zuƙe hayaƙi kaɗai, da safar hannu da tabarau mai rufe ido. In ya zube a ƙasa a rufe shi da busasshen yashi a kwashe, kada a kora shi kwata.

A jiki kuwa hukuncin dabam ne. Ruwa kaɗan asid yake haifarwa, ruwa mai yawa ne ke wanke shi, don haka a cire tufafin da ya taɓa, a yi ta kwarara ruwa a fata ko ido na aƙalla minti 15. Wanda ya haɗiya a kurkure masa baki, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko toka kamar yadda aka saba yi wa wanda ya sha guba, domin dawowar abin ta maƙogwaro ƙuna ce ta biyu. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar ko takardar da ke jikinta, kuma wanda ya shaƙi hayaƙin da yawa a bar shi ƙarƙashin kulawar likita ko da ya ce ya ji sauƙi.