Me ya sa ake yi wa yara 'yan makaranta tambayoyi kan taba, abinci da damuwa?

Duk lokacin da aka ji a rediyo cewa kaso kaza na matasan duniya suna shan taba, ko ba sa motsa jiki, sai wani a majalisarmu ta bayan isha'i ya ce, "To wa ya ƙirga su?" Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye da ke gefen Ringim, a Jihar Jigawa, shi ya sa tambayar takan faɗo kaina. Ga abin da nakan amsa.

Wa ke yin wannan bincike?

Akwai manyan bincike guda biyu da suka ratsa ƙasashe. Na farko shi ne HBSC, binciken halayen lafiyar yara 'yan makaranta, wanda masu bincike daga Ingila da Finlan da Norwe suka assasa a farkon shekarun 1980, ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na yankin Turai ya karɓe shi a 1983. Duk bayan shekara huɗu ake yin sa, ana tambayar yara 'yan shekara 11 da 13 da 15 a Turai da tsakiyar Asiya da Kanada. Na biyu shi ne GSHS, binciken lafiyar ɗalibai a makarantun duniya, wanda Hukumar ta fara a 2003 da taimakon cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, kuma ya fi karkata ga ƙasashe irin namu. Akwai kuma GYTS na taba kaɗai, na 'yan shekara 13 zuwa 15, wanda aka taɓa yi a wasu wurare a Najeriya a 2008, har da Kano.

Me ake tambayar yaron?

Abin da ya ci, ko ya kwana da yunwa, ko yana wanke hannu bayan ya fito daga banɗaki, ko yana shan taba ko ƙwaya, ko ana cin zalinsa, ko yana da aboki na kusa, ko damuwa na hana shi barci, ko iyayensa sun san inda yake yini. Yaro ba ya rubuta sunansa a takardar, kuma ba a kai wa malaminsa ko mahaifinsa amsar. Ba kowane yaro ake tambaya ba. Ana zaɓen makarantu, sannan a zaɓi azuzuwa ta hanyar ƙuri'a, kamar yadda mai sayen gero a kasuwar Maigatari yake soka hannu a buhu ya duba ɗan kaɗan ya san sauran.

To don me sai an haɗa mu da wasu ƙasashe?

Saboda lamba ita kaɗai ba ta gaya maka komai. In aka ce yara goma cikin ɗari suna shan taba a garinku, da yawa ne ko kaɗan? Sai ka ga na maƙwabta, ka kuma ga na shekara huɗu da suka wuce, sannan ka san ko abin hauhawa yake ko sauka. Shi ya sa ake dagewa a yi tambaya iri ɗaya ko'ina. Da irin wannan tattarawa ne aka fitar da sakamako a 2019, daga ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 146, cewa kusan kashi 81 cikin ɗari na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa samun awa ɗaya ta motsa jiki a rana.

Awa ɗaya? Yaranmu da ke yini a gona fa?

Nan ne nake da ja. Yarinyar da ta ɗebo ruwa sau huɗu daga tuƙa-tuƙa, ta yi daka, ta ɗauki farantin awara ta zaga gari kafin la'asar, in ka tambaye ta ko ta motsa jiki za ta ce a'a, don a ganinta motsa jiki ƙwallo ne, kuma na maza ne. Tambayar da aka tsara da Turanci aka fassara ta a gurguje tana iya ɓata amsa gaba ɗaya. A HBSC, don a gane arzikin gida, ana tambayar yaro ko suna da mota, ko yana da ɗakinsa shi kaɗai, ko suna da injin wanke kwanuka. A nan da za ka tambayi rumbu nawa ne a gidan, da shanun huɗa, da ko hatsi yana kai su kaka, da ka fi sanin gaskiya. Haka ma kayan maye. In ka tambayi giya kawai za ka tashi da murna, alhali matsalar tana wajen sholisho da tiramol da kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da shi a 2018.

Yara za su faɗi gaskiya kuwa?

Ba duka ba. Kunya tana da ƙarfi a wajenmu, kuma yaron da ya ga malaminsa tsaye a bakin taga da bulala ba zai rubuta ya taɓa zuƙar wiwi ba. Wani kuma ƙari zai yi don burga. Dabarar ita ce malamin ajin ya koma gefe, baƙo ya raba takardun, a zaunar da yara nesa da juna.

Wa ake bari a baya?

Wanda bai zo aji ba ran nan, da wanda ba ya cikin aji sam. Almajirin da ke tsangaya, yaron Fulani da ke bin shanu, yarinyar da aka aurar tana shekara sha biyar, duk ba sa cikin takardar, kuma sau da yawa su ne suka fi fuskantar haɗari. Binciken gida-gida, irin NDHS, wato binciken lafiya da yanayin al'ummar Najeriya, shi ke ɗan toshe wannan giɓin. Na 2018 ya nuna kashi 19 cikin ɗari na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a Najeriya sun haihu ko suna da cikin fari.

In takardar neman izini ta zo gida, in sa hannu?

Ni dai zan sa, Alhaji, amma sai na tambayi wa ya aiko su, da wane harshe za a yi tambayar, kuma ko yaro yana da ikon tsallake wadda bai so ba. Ka kuma roƙe su in sun gama su dawo su karanta mana sakamakon a ƙofar gidan mai gari, da Hausa.