Ma'anar Ayon da Dalilin da Ya Sa Cajin Motar Lantarki Yake da Iyaka

Ayon ƙwayar zarra ce da ta rasa ilekturon (wani ɗan ƙanƙanin ɓangare na zarra) ko ta sami ƙari, har ta zama tana ɗauke da cajin lantarki. A batirin motar lantarki, ayon na litiyam ne ke ɗaukar nauyin aikin, kuma litiyam shi ne ƙarfen da ya fi kowane rashin nauyi. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara sayar da irin wannan batir a 1991.

Idan aka jona mota a caji, ayon suna barin ɓangaren batir da ake kira katod, su ratsa wani ruwan sinadari, sannan su shige tsakanin shimfiɗun girafayit, wato baƙin abin nan na cikin fensir, da ke ɗaya ɓangaren mai suna anod. Shigar tana cin lokaci, domin kowane ayon sai ya kutsa ciki ya sami gurbi, kuma girafayit sinadarin kabon ne, inda ƙwayoyin kabon shida ke riƙe litiyam ɗaya idan ya cika.

Nan ne cajin gaggawa yake gamuwa da cikas. Idan aka turo wuta da ƙarfi, ayon suna isowa bakin girafayit fiye da yadda yake iya karɓarsu, kamar jama'ar da ta yi cincirindo a ƙofa ɗaya, sai waɗanda ba su sami shiga ba su daskare a waje su koma ƙarfe. Wani ɓangaren wannan litiyam ba ya sake yin aiki, saboda haka batirin yana rage riƙe caji, wani lokaci ma ƙarfen yakan yi tsini ya huda shingen da ke raba ɓangarorin biyu, abin da ke iya tayar da gobara. Sanyi yana ƙara tsananta matsalar. Gudun haka na cikin dalilan da suka sa caja take rage ƙarfi idan batir ya kai kusan kashi 80 cikin ɗari, kuma a ganina direba bai kamata ya ɗauki wannan jinkiri a matsayin aibi ba.

Masana suna son ganin ayon a daidai lokacin da suke tafiya, shi ya sa a cibiyar bincike ta Argonne da ke kusa da birnin Chicago a Amurka suke haska batir da hasken eksire mai ƙarfi yana tsakiyar caji. Sun ga cewa girafayit da ke kusa da shingen ne ke fara cika, na can ciki kuwa yana nan da sauran wuri, kuma wannan rashin daidaito ne masu ƙera batir suke neman magancewa don caji ya kammala cikin minti 15 ko ƙasa da haka.