Waiwaye: Yadda gidan Firimiya ya zama gidan tarihi

A Sakkwato, in aka ce Gidan Arewa, yawancin mutane taron 'yan siyasa ne ke faɗo musu a rai. Ba laifinsu ba ne, abin da rediyo ke kawo musu ke nan. Amma wannan gida, da ke lamba 1, titin Rabah a Kaduna, gidan gwamnati ne tun zamanin Turawa, kuma ɗan ƙasar Sakkwato ne ya zauna a cikinsa: Sir Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, wanda aka naɗa Sardauna a 1938, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954.

Kaduna kanta Turawa ne suka mayar da ita hedikwata, bayan sun taso daga Zungeru a 1917. A nan aka bai wa Arewa mulkin kai ranar 15 ga Maris, 1959. Ba da ka aka zaɓi ranar ba. A irinta ne, a 1903, sojojin Ingila suka ci Sakkwato a filin Giginya, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita hijira har ya yi shahada a Burmi.

Sai daren Asabar, 15 ga Janairu, 1966, ana cikin watan azumi. Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya fito da sojoji da sunan atisaye, suka buɗe wa gidan wuta, wani sashe ya ƙone, suka kashe Sardauna tare da uwargidansa Hafsatu. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haka, Gowon ya raba Arewa jihohi shida, Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma. Gidan Firimiya ya rasa mai shi, don muƙamin ma babu shi. Aka damƙa shi ga hukumar riƙon ƙwarya da ke kula da kadarorin da jihohin shida suka gada tare.

A ganina, nan ne gidan ya taki sa'a. Da rabon wata jiha ɗaya ya faɗa, da wuya bai zama ofis ko masaukin baƙi ba. Sai ya faɗa hannun masana tarihi. A 1970 aka kafa cibiyar adana takardu da binciken tarihin Arewa a wurin, daga baya ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Daraktanta na farko shi ne Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta. Shi ne ya dage cewa tarihin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a rubuce-rubucen Shehu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello za a neme shi, ba a rahoton Razdan ba. Ɗalibinsa Murray Last har Sakkwato ya zo ya zauna gaban Waziri Junaidu yana karanta littattafan gidan Waziri. Wannan aiki ne ya sa duniyar ilimi ta fara kallon abin da aka kafa a Sakkwato a matsayin daula mai tsari da rubutu.

Yau akwai ɗakin kayan tarihi a Gidan Arewa, da hotunan Sardauna da wasu kayayyakinsa, ga kuma laburare da rumbun takardu, ciki har da rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami. Zauren taro ne dai ya fi suna. A Oktoban 2022 'yan takarar shugaban ƙasa sun bi layi a can suna yi wa Arewa alkawari. Ɓangaren takardun kuwa sai ɗaliban da ke rubuta kundin digiri. Haka abin yake a nan gida Sakkwato: a kullum Hubbaren Shehu cike yake da masu ziyara, amma cibiyar tarihi da al'adu mai sunan Waziri Junaidu, inda aka adana wasiƙun sarakuna da makaman yaƙi, 'yan makaranta da baƙi ne suka fi leƙa ta.