Sunayen Tarayya Tsakanin Maza da Mata a Ƙasar Hausa da Yadda Ake Rubuta Su

Sunayen tarayya su ne sunayen da ake kiran ɗa namiji da ɗiya mace da su ba tare da an sauya musu siffa ba. Ba su da yawa a ƙasar Hausa, kuma mafi yawansu laƙabi ne, ba sunan yanka ba. Sunan yanka, wato wanda ake raɗa wa jariri ranar suna idan ya kwana bakwai a duniya, galibi daga Larabci yake fitowa, daga sunayen annabawa da sahabbai da iyalan gidan Annabi, kuma ƙarshensa kan fayyace jinsin mai shi, kamar Aminu da Amina, Habibu da Habiba, Jamilu da Jamila, ko Hassan da Hassana a wajen tagwaye. Haka sunayen rana suke tafiya biyu-biyu, Ɗanladi da Ladi, Balarabe da Balaraba, Ɗanjuma da Jummai, in ban da Altine, wanda ake samu a kan maza da mata da aka haifa ranar Litinin.

Sunayen yanayin haihuwa

Inda tarayya ta fi ƙarfi shi ne a laƙabin da ke ba da labarin yadda haihuwar ta zo, domin abin da ake son tunawa a nan yanayin ne, ba jinsin jaririn ba. Wanda aka haifa bayan tagwaye Gambo ne, namiji ne ko mace. Hajiya Gambo Sawaba (1933–2001), 'yar gwagwarmayar jam'iyyar NEPU a Zariya, sunanta na yanka Hajaratu, amma laƙabin ya danne shi har mutane da dama ba su san shi ba. A ɓangaren maza kuwa akwai Muhammadu Gambo Jimeta, wanda ya riƙe muƙamin Sufeto Janar na 'yan sandan Najeriya. Auta shi ne na ƙarshe a ɗakin uwarsa, Talle kuma wanda ya tashi cikin maraici tun yana jariri.

Sunayen 'ya'yan wabi su ne suka fi baƙunta a kunnen mutanen yau. Matar da 'ya'yanta ke rasuwa ɗaya bayan ɗaya, idan ta sake haihuwa, akan sa wa jaririn suna mai nuna kamar ba a damu da shi ba, irin su Ajuji da Ayashe, bisa tsohon imanin cewa abin da aka nuna ba a so mutuwa ba za ta yi sha'awarsa ba. Wannan al'ada ta ja baya sosai saboda wa'azin malamai da kuma yaɗuwar asibitoci, don haka yawancin masu amsa waɗannan sunaye a yanzu dattawa ne. Akasin wannan rukuni su ne Tanko, namijin da ya biyo bayan mata, da Kande ko Dela, macen da ta biyo bayan maza, waɗanda jinsin ne ma dalilin sa su, don haka ba sa yin tarayya ko kaɗan.

Tarayyar da rubutu ya haifar

Akwai sunayen da baki ke rarrabewa amma takarda ke haɗewa, saboda rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Abu na Abubakar da Abu ta Zainabu haruffansu uku ne iri ɗaya, sai an furta su ake jin bambancin. Haka Baba, wanda ake kiran yaron da ya ci sunan kakansa da shi saboda alkunya, yake daidai a rubuce da Baba da ake kiran mace.

Wasu sunayen kuma sun sauya jinsi a kan hanyarsu ta zuwa. Nura a Kano ko Katsina sunan namiji ne, taƙaitaccen Nuruddin, alhali a ƙasashen Larabawa mata ake sa wa shi, abin da kan jawo ruɗani ga ɗalibai da alhazai. Sababbin sunaye irin su Ihsan da Iman da Ikram, waɗanda iyayen birni suka fi so a 'yan shekarun nan, asalinsu sunayen ɗabi'u ne da ba su keɓanta da wani jinsi ba, ko da yake Hausawa sun fi karkata su ga 'yan mata. Kiristoci masu magana da Hausa su ma suna da irin nasu daga cikin harshen kansa, kamar Alheri da Godiya da Albarka.

Rubuta sunaye

Suna ɗaya kan fito da fuska uku ko huɗu a rubuce, kuma tarihi ne ya jawo hakan. Ƙa'idojin rubutun boko sun faro ne daga littafin da Hanns Vischer, wanda Hausawa ke kira Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, sannan haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, suka shigo a shekarun 1930. Sai dai sunayen mutane ba su bi waɗannan ƙa'idoji sau da ƙafa ba, domin malaman makaranta da akawun ofis ne suka riƙa rubuta su yadda kunnensu ya ji, da na'urar buga rubutu da ba ta da lanƙwasa. Shi ya sa Ɗanjuma ya zama Danjuma, Cindo ya zama Chindo, hamzar A'isha kuma ta ɓace.

A Jamhuriyar Nijar tsarin Faransanci aka bi, inda ake rubuta "ou" a madadin "u", "ch" a madadin "sh", wani lokaci kuma "dj" a madadin "j". Usman ya koma Ousmane, A'ishatu ta koma Aïchatou, kuma sunan tsohon shugaban ƙasar Mahamadou Issoufou shi ne dai Muhammadu Yusufu na ɓangaren Najeriya. An yi taro a Yamai a 1980 domin daidaita rubutun Hausa tsakanin ƙasashen biyu, amma takardun haihuwa da fasfo sun ci gaba da tsohon salonsu. Sakamakon haka wa da ƙane, ɗaya a Maraɗi ɗaya a Jibiya, sukan rubuta sunan mahaifinsu ɗaya ta hanyoyi biyu.

Kafofin sada zumunta sun ƙara nasu salon, inda matasa ke ninka wasali ko liƙa "h" a ƙarshe, kamar Ameenah da Khadeejah, wasu don kusantar furucin Larabci, wasu don ado kawai. Wannan ba ya cutarwa a Facebook, amma yakan zama matsala idan ya tsallaka cikin takardun hukuma. Tun da aka fara amfani da lambar banki ta BVN a Najeriya a 2014, aka kuma wajabta lambar ɗan ƙasa ta NIN ga masu rajistar jarrabawar JAMB daga 2021, kwamfuta ce ke gwada suna da suna, kuma a wurinta Mohammed da Muhammad mutum biyu ne. Wanda harafi ɗaya ya saɓa a takardunsa yakan nemi takardar rantsuwa daga kotu, wani lokaci har da sanarwa a jarida, kafin a gyara masa. Masu sunan tarayya kuwa, irin su Gambo da Altine, sai sun ƙara da duba gurbin jinsi a fom, domin ma'aikacin da ke shigar da bayanai yana iya cike shi bisa zato tun bai ɗaga kai ya dubi mai sunan ba.