Gorin Ƙiba ga Kociyoyin Ƙwallon Ƙafa da Matsalar Teɓa

Gorin ƙiba ga kociyoyin ƙwallon ƙafa shi ne zolaya, zagi ko sukar da magoya baya, 'yan jarida da masu sharhin wasanni ke yi wa masu horar da 'yan wasa a kan girman jikinsu, ba a kan aikinsu ba. Abin ya fi fitowa fili a ƙasashe biyu: Amurka, inda ake buga irin tasu ƙwallon mai kama da zari-ruga, da Ingila, inda waƙoƙin tsokana daga wajen 'yan kallo suka daɗe da zama al'ada. Batun ya tattaro abubuwa biyu da mutane kan cakuɗa. Na farko, haɗarin da ƙiba ke jawo wa lafiya, wanda likitoci suka tabbatar. Na biyu, zaton cewa duk mai teɓa malalaci ne ko ya kasa riƙe kansa, zaton da tarihin kociyoyin nan bai goyi bayansa ba.

A Amurka

Mark Mangino ya horar da ƙungiyar Jami'ar Kansas daga 2002 zuwa 2009. Kafin zuwansa, an fi sanin jami'ar da ƙwallon kwando, ƙungiyar ƙwallon ƙafarta kuwa ba a sa ta a lissafi. A kakar 2007 ya ci wasa 12 cikin 13, ya ɗauki kofin Orange Bowl a Janairun 2008, aka zaɓe shi gwarzon kocin shekara na jami'o'in ƙasar. Duk da haka, jikinsa ya fi aikinsa yawo a bakin mutane. Magoya bayan ƙungiyarsa da kansu sun riƙa sa riguna masu rubutun cewa kocinsu zai iya cinye kocin abokan hamayya. Da ya ajiye aiki a Disambar 2009, ana cikin binciken yadda yake mu'amala da 'yan wasa, sai aka samu masu sharhi da suka ɗora laifin zafin ransa a kan ƙibarsa. Zargin muzguna wa 'yan wasa abu ne mai nauyi da ya cancanci a bincika shi a kan kansa. An sha samun kociyoyi sirara da irin wannan zargi, babu wanda ya ce siranta ce ta jawo.

Labarin Charlie Weis ya fi tayar da hankali. A watan Yunin 2002, yana mataimakin koci mai kula da tsarin kai hari a New England Patriots, watanni kaɗan bayan ƙungiyar ta ɗauki kofin Super Bowl, wato kofin zakarun ƙwallon Amurka, aka yi masa tiyatar rage tumbi. Nauyinsa a lokacin ya kusa kilo 160. Bayan aikin sai jini ya ɓalle masa a ciki, ya yi kusan mako biyu bai san inda kansa yake ba, har iyalinsa suka fara fitar da rai. Ya tashi, amma da lahani a jijiyoyin ƙafarsa. Ya kai likitocin ƙara, kotu ta wanke su a 2007. Daga baya ya zama babban kocin Jami'ar Notre Dame daga 2005 zuwa 2009, kuma gorin bai bar shi ba: duk lokacin da aka ci ƙungiyarsa, sai hotunan cikinsa su cika intanet. Mutumin da ya kusa rasa ransa wajen neman rabuwa da ƙiba, shi ake ce wa bai damu da jikinsa ba.

Rex Ryan, kocin New York Jets a wancan lokacin, ya sa an ɗaure masa bakin tumbi da zobe a Maris 2010, lokacin da nauyinsa ya kai kilo 158, ya kuma rage sama da kilo 45. An cire zoben a 2016. Andy Reid kuwa misali ne na yadda nasara ke sauya launin magana. A shekarunsa na ƙarshe a Philadelphia, jikinsa abin zunɗe ne. Da ya koma Kansas City Chiefs ya ɗauki Super Bowl a 2020, 2023 da 2024, sai ƙibar ta zama abin so, har iyaye na yi wa jarirai shiga irin tasa da gashin baki na ƙarya. Jikin dai shi ne na jiya.

A Ingila

Masu bin gasar Firimiya a gidajen kallon ƙwallo sun san Rafael Benítez, wanda ya ɗauki Kofin Zakarun Turai da Liverpool a Istanbul a 2005 bayan an ci su uku kafin hutun rabin lokaci. Shekara da shekaru magoya bayan ƙungiyoyin hamayya suna yi masa waƙar cewa shi ba kowa ba ne illa wani mai teɓa ɗan Sifaniya da ke kai wa mutane abinci a otel. A waƙa ɗaya an haɗa masa gorin jiki, na ƙasa da na sana'a.

Steve Bruce, tsohon kyaftin ɗin Manchester United, ya bar Newcastle a Oktoban 2021, kwanaki kaɗan bayan ya jagoranci wasansa na 1,000 a matsayin koci. A hirar da ya yi da wata jarida bayan tafiyarsa, ya lissafa sunayen da ake kiransa da su tun ranar da ya kama aiki, ciki har da cewa shi ƙaton banza ne mai cika wuri, ya kuma ce abin ya taɓa iyalinsa sosai. Magoya bayan Newcastle na da ƙorafi na gaske a kan salon wasan ƙungiyar a lokacin, kuma haƙƙinsu ne su faɗa. Sai dai ƙorafi a kan yadda aka jera 'yan baya daban, zagin halittar mutum daban.

Akwai kuma Wayne Shaw, kocin masu tsaron raga kuma gola na ko-ta-kwana a ƙaramar ƙungiyar Sutton United. A Fabrairun 2017, ana tsakiyar wasan Kofin FA da Arsenal, kyamara ta hasko shi a benci yana cin burodi mai nama. Ashe wani kamfanin caca ya riga ya buɗe fare a kan cewa zai yi hakan. Washegari ya rasa aikinsa, daga baya hukumar ƙwallon Ingila ta ci shi tara ta kuma dakatar da shi wata biyu. Ya karya doka, babu musu, amma tun farko jikinsa aka mayar hajar sayarwa.

Hujjar masu sukar

Masu ganin sukar ta halatta suna cewa koci shi ne madubin 'yan wasa: yaya wanda bai iya tsare bakinsa ba zai hana wani ci? Ba za a ce maganar ba ta da tushe ba, domin kociyoyi kan tsananta a kan abincin 'yan wasa. Arsène Wenger ya sauya cimar 'yan Arsenal tun zuwansa a 1996. Antonio Conte ya hana ruwan tumatir na kwalba da mayonis a Tottenham a 2021. Pep Guardiola ya faɗa wa 'yan jarida a Disambar 2022 cewa Kalvin Phillips ya dawo daga Gasar Kofin Duniya da ƙiba, maganar da ya nemi afuwa a kanta a 2024 bayan ɗan wasan ya bayyana yadda ta karya masa gwiwa.

Amma ɗan wasa da jikinsa yake aiki, koci kuwa da idonsa, ƙwaƙwalwarsa da bakinsa. Ba a ɗauke shi don ya yi gudun kilomita goma a minti 90 ba. Ban da haka, yawancin masu waƙar suna fama da abin da suke gori a kai, tunda kusan kashi biyu cikin uku na manyan Ingila nauyinsu ya wuce ƙima. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Abin da ke jawo wa kociyoyi ƙiba

Da yawansu tsofaffin 'yan wasa ne. Jikin da ya saba da cin abinci mai yawa saboda atisaye kullum ba ya rage buƙata ranar da aka yi ritaya, ga gwiwa da ƙugu sun lalace, motsa jiki ya zama wahala. Diego Maradona, mai tsawon mita 1.65, ya kai kusan kilo 120 kafin a yi masa tiyatar tumbi a Kolombiya a 2005, shekara uku kafin ya karɓi horar da Ajantina. A ƙwallon Amurka abin ya fi muni, don akwai 'yan wasan layin gaba da ake ciyarwa da gangan su haura kilo 135, kuma Reid yana cikin waɗanda suka buga wannan wuri a jami'a. Binciken da hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta fitar a 1994 ya nuna haɗarin mutuwa da ciwon zuciya ga 'yan layin gaba ya ɗara na sauran maza da kusan rabi.

Sai yanayin aikin kansa: zaman kallon bidiyon wasanni har tsakar dare, tafiye-tafiye, abincin otel, fargabar kora. An san kociyoyin Amurka irin su Joe Gibbs da kwana a ofis. Ƙarancin barci na rikita sinadaran jiki masu sanar da yunwa da ƙoshi, damuwa kuma na sa a nemi zaƙi da maiƙo. Wannan wahala ba masu teɓa kaɗai take kayarwa ba. Gary Kubiak, wani kocin Amurka wanda ba mai jiki ba ne, ya yanke jiki ya faɗi a fili lokacin hutun rabin lokaci a Nuwambar 2013.

Ƙiba a duniya

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne BMI: a raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau kansa. Daga 25 nauyi ya wuce ƙima, daga 30 an shiga ƙiba. Mai tsawon mita 1.75 yana shiga rukunin farko a kilo 77, na biyu a kilo 92. Ma'aunin ba ya bambanta tsoka da kitse, shi ya sa wani bincike na 2005 ya sami kashi 56 cikin 100 na 'yan wasan NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, a rukunin masu ƙiba. Don haka likitoci kan haɗa da awon ƙugu, domin kitsen ciki ya fi haɗari.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna manya biliyan 2.5 nauyinsu ya wuce ƙima, miliyan 890 daga cikinsu na da ƙiba. Adadin manya masu ƙiba ya ninka fiye da sau biyu tun 1990, na matasa kuwa ya ninka sau huɗu. A Amurka, masu ƙiba kusan mutum huɗu ne cikin kowane manya goma. Ƙwayoyin gado na taka rawa babba, amma ba su sauya cikin shekara talatin ba, kuma ba a ce rabin duniya ta wayi gari da lalaci ba. Abin da ya sauya shi ne arahar abincin kamfani da lemon kwalba, aikin zama da hawa mota. Ƙiba na buɗe ƙofa ga ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon gaɓoɓi, sarƙewar numfashi a barci da wasu nau'o'in ciwon daji. Ƙungiyar likitocin Amurka ta ayyana ta a matsayin cuta a 2013.

Najeriya na ɗauke da kaya biyu a lokaci guda. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 da nauyin da ya wuce ƙima, kashi 12 kuma da rama. A ƙasar Hausa ma sau da yawa gorin na rama ne, teɓa kuwa a ɗauke ta alamar hutu da wadata, har wasu na shan magungunan da ake kira sha-ka-fashe. Meziko ta sa haraji a kan lemon zaƙi a 2014, Birtaniya da Afirka ta Kudu a 2018, Najeriya kuma ta sa naira 10 a kan kowace lita a dokar kuɗi ta 2021.

Ko gori na rage ƙiba

Bincike ya nuna akasin haka. Wani nazari da aka wallafa a 2013, wanda ya bi Amurkawa sama da 6,000 na shekara huɗu, ya gano cewa waɗanda aka tsangwama saboda jikinsu sun fi sauran yiwuwar faɗawa ƙiba da kusan ninki biyu da rabi. Wanda aka kunyata yakan guje wa wurin motsa jiki da asibiti, ya koma ga abinci don huce takaici. A 2020 masana daga ƙasashe da dama sun fitar da sanarwar haɗin gwiwa a mujallar Nature Medicine suna kiran a daina wannan tsangwama. Jihar Michigan ta haramta nuna bambancin ƙiba wajen ɗaukar aiki tun 1976, birnin New York ya bi sahu a 2023.

Gwajin Sikotland

Ƙwallon ƙafa ta gwada wata hanya ta daban. A Sikotland, masu bincike ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Glasgow sun lura maza ba sa zuwa shirye-shiryen rage ƙiba na asibiti, amma ba sa fashin zuwa filin ƙungiyarsu. Sai aka kai shirin can, da sunan Football Fans in Training. Maza 'yan shekara 35 zuwa 65 suna haɗuwa sau ɗaya a mako har mako 12, a filin da suke zuwa kallo, sanye da rigar ƙungiya, kociyoyin ƙungiyar masu aiki da jama'a suna koya musu auna abinci, rage giya da ƙirga takun da suke yi a rana. Ana raha, amma raha ce ta waɗanda matsalarsu ɗaya. An gwada shirin da maza 747 a ƙungiyoyi 13, aka wallafa sakamakon a mujallar Lancet a 2014: bayan shekara guda, waɗanda suka shiga sun fi waɗanda ke jiran layi rage nauyi da kusan kilo biyar, hawan jininsu da faɗin ƙugunsu ma sun sauka. Daga nan aka kwaikwayi tsarin a Jamus da wasu ƙasashen Turai, a Kanada kuma aka yi shi da ƙungiyoyin wasan hoki na ƙanƙara.