Yaushe Ne Ya Wajaba a Yi wa Mai Ciki Aiki?

Tiyatar haihuwa hanyar ceton rai ce idan naƙuda ta yi tsawo ɗa bai sauko ba, ko ya kwanta a gicciye, ko mabiyiya ta toshe bakin mahaifa, ko jijjiga ta kama uwa. Sai dai a wasu ƙasashe ana yi wa mata aiki ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai ba.

Tun a 1985, a taron da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya a Fortaleza ta ƙasar Brazil, masana suka ce babu hujjar da za ta sa tiyata ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na haihuwa. A 2021 hukumar ta bayyana cewa adadin ya kai kashi 21 a duniya, kuma a Brazil da Masar da Turkiyya, jariran da ake cirowa ta tiyata sun fi waɗanda aka haifa ta hanyar da aka saba. Jikin matan can bai bambanta da na sauran mata ba. Abin da ya bambanta shi ne tsarin asibiti: aikin da aka tsayar wa rana ya fi wa likita sauƙi fiye da kwana a kan mai naƙuda, asibitin kuɗi ya fi samun riba, ga tsoron da likita ke yi kada a kai shi kotu, ga kuma fargabar zafin naƙuda. A Holan, inda ungozoma ke kula da mai cikin da ba ta da matsala har wasu su haihu a gida, adadin bai kai kashi 20 ba.

Illar aikin da ba dole ba takan ɓoye sai ciki na gaba. Tabon da ya rage a mahaifa yana iya yagewa lokacin naƙuda, ko mabiyiya ta manne a kansa ta ƙi fita, jini ya ɓalle har a cire mahaifar ɗungurungum, kuma haɗarin yana ƙaruwa da kowace tiyata. Wannan babban abin dubawa ne ga mai son haihuwa da yawa.

A ƙasashen Afirka kudu da Sahara kuwa, inda adadin yake wajen kashi 5, matsalar akasin haka ce, domin mata na mutuwa ko su kamu da yoyon fitsari saboda aikin bai samu a kan lokaci ba. Don haka kada a fahimci wannan bayani a matsayin izinin ƙin tiyata. Idan likita ya ce za a yi aiki, mai ciki da mijinta su tambayi dalili, su ji ko akwai damar jira, amma idan an ce na gaggawa ne, a sa hannu nan take. Wadda aka taɓa yi wa aiki kuma ta faɗa tun ranar farko ta awo, ta haihu a asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini a ajiye.