Jidda

Jidda birni ne mai tashar jiragen ruwa a gaɓar Bahar Maliya, a yammacin Saudiyya, kimanin kilomita 70 zuwa 80 daga Makka. Shi ne birni na biyu mafi girma a ƙasar bayan Riyad. Tsohon garin, wanda mutanensa ke kira Al-Balad, ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2014.

Suna

Ana furta sunan Jidda, Judda ko Jadda, kuma ba a daidaita kan asalinsa ba. Wasu sun ce daga "jadda" ne, wato kaka, saboda wani kabari da aka daɗe ana cewa na Nana Hawwa'u ne. Hukuma ta rushe ginin da ke kansa a wajajen 1928. Wasu kuma sun ce kalmar na nufin gaɓar teku.

Zamanin farko

Malaman tarihi sun ruwaito cewa Halifa Usman ɗan Affan ne ya mayar da Jidda tashar Makka a shekara ta 26 bayan hijira, wajen 647, maimakon Shu'aiba. Tun daga nan arzikin garin ya rataya a kan abu biyu: alhazai da fatauci. Kayan ƙanshi da yadi daga Indiya da Yaman nan ake sauke su, a biya kuɗin fito, sannan su wuce Masar. Matafiyi Nasir Khusraw ya ratsa ta a tsakiyar ƙarni na 11, Ibn Jubair kuma a 1183.

Ganuwa

Da Turawan Fotugal suka kewayo Afirka suka fara kai wa jiragen Musulmi hari, Sarkin Masar Ƙansuh al-Gauri ya sa kwamandansa Husaini al-Kurdi ya zagaye garin da ganuwa, a wajajen 1509. Ta kuwa yi rana. A 1517 rundunar ruwan Fotugal ƙarƙashin Lopo Soares ta iso bakin Jidda, ta kasa shiga, ta juya. A shekarar ce kuma garin ya koma hannun Daular Usmaniyya. Ƙofofin da aka fi sani su ne Bab Makka a gabas, Bab Madina a arewa, Bab Sharif a kudu da Bab al-Bunt ta wajen teku. Da dare akan rufe su, kamar yadda ake yi a birane masu badala. An rushe ganuwar a 1947 don garin ya samu wurin faɗaɗa. Waɗanda ake gani yau a matsayin ƙofofi, yawancinsu sake gina su aka yi.

Gidajen Al-Balad

Abin da ya fi fito da tsohon garin shi ne gine-ginensa, waɗanda yawancinsu na ƙarni na 19 ne, musamman bayan buɗe mashigin ruwan Suez a 1869, lokacin da jiragen tururi suka cika tashar kuma attajirai suka yi kuɗi. Da dutsen murjani ake gini, wanda ake sarowa daga bakin teku. Dutse ne mara nauyi mai saurin zaizayewa, shi ya sa magina ke jera katako a tsakanin sahu-sahun dutsen don ya riƙe bango, sannan a shafe da farar ƙasa. Gida kan kai bene huɗu ko biyar.

A fuskar gidan ake kafa roshan, jam'insa rawashin: taga ce ta katako da ke turowa waje, an sassaƙa ta da ƙananan kafofi. Iska na shiga, rana ba ta shiga, matan gida kuma suna kallon titi ba tare da an gan su ba. A nan ake ajiye tulu don ruwa ya yi sanyi. Katakon, galibi, daga Indiya da tsibiran Jawa ake kawo shi, domin Hijaz, yankin da Jidda take, ba ƙasar itace ba ce.

Mafi shahara shi ne Gidan Nasif, wanda aka gina tsakanin 1872 da 1881. Matakalarsa faffaɗa ce mai sauƙin hawa, har ana cewa raƙumi kan hau da kaya zuwa sama. A ƙofarsa akwai bishiyar darbejiya da aka ce a da ita kaɗai ce a garin, har ake kiran gidan da "gida mai bishiya". Sarki Abdul'aziz ya sauka a cikinsa bayan Jidda ta miƙa wuya gare shi a Disambar 1925.

Unguwannin cikin ganuwa huɗu ne: Sham, Yaman, Mazlum da Bahar. Masallacin Shafi'i na cikin tsofaffin masallatansu.

Ruwan sha

Ƙishirwa ta daɗe tana damun garin. An dogara da rijiyoyi da tafkunan tara ruwan sama, sai a farkon ƙarni na 20 aka kafa injin tace ruwan teku da ake kira Kindasa. A 1947 aka jawo ruwa daga Wadi Fatima.

Takari

Kafin jirgin sama, maniyyata daga ƙasar Hausa da Barno kan taka da ƙafa ta Chadi da Sudan, wasu su shafe shekaru suna ƙodago a hanya, su tsallaka daga Sawakin zuwa Jidda. Da yawa ba su koma gida ba, suka zauna a bayan ganuwa, ana kiransu Takari. Jikokinsu na nan, kuma har yau ana jin Hausa a kasuwannin birnin.

A yau

Filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz, wanda aka buɗe a 1981, shi ne masaukin alhazai da dama. A Al-Balad kuwa gobara da rashin kulawa sun cinye gidaje masu yawa bayan masu su sun ƙaura zuwa sababbin unguwanni, gwamnati na gyara waɗanda suka rage.